Jirgin da Mahaifiyata Za Ta Shiga

Shekarun baya, bayan babban taron ƙasa da ya sauya mana gwamnati aka koma zaɓe, harkar tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta buɗe sosai. Aikina a lokacin fito da motoci ne daga tasha, kullum ina tsakanin duwan, wato kwastan, da biro ɗinmu, wato ofis, kuma Allah ya sa wa abin albarka. Tagar biro ɗin tana kallon wani lungu na tashar inda ake ɗaure ƙananan jiragen shaƙatawa, irin waɗanda iska ke turawa. A ɗaga musu farin ƙyalle a kan doguwar sanda, iska ta cika shi, su sulale su fita teku ba ƙara ba hayaƙi. Na daɗe ina kallonsu ta taga kamar mai azumi a gaban mai suyar ƙosai.

Abokina ne ya ƙarasa ni. Mutumin unguwar Agla ne, likitan haƙori, tun muna lakwal, wato makaranta, muke tare, kuma ya koyi tuƙin irin jiragen nan lokacin da yake karatu a waje. Wata Asabar ya ari ɗaya ya fita da ni. Na yi amai, na yi salati, na rantse ba zan ƙara ba, amma kafin Laraba ina tambayarsa yaushe za mu koma. Ya ce ba zai sake ɗaukata ba sai na iya iyo. Haka na koyi iyo da furfura a gemuna, a kwamin wani otal, yara suna wuce ni suna waiwaye.

Wanda bai san Zongo, unguwarmu, ba ba zai gane girman wannan wauta ba. Mu mutanen tudu ne. Kakanninmu da jakuna suka zo, iyayenmu suka koma kamiyo, manyan motocin ɗaukar kaya. Teku tana nan kusa da mu, iskarta ce ke sa ƙofofinmu tsatsa, amma abin da ke tsakaninmu da ita gaisuwa ce daga nesa. Da labari ya bazu a majalisa sai sunana ya koma Kaftin, har mai shayi in zai miƙo min kofi sai ya sara min. Ban damu ba. Na riga na ƙudura cewa sai na mallaki nawa.

Jirage biyu aka samu na sayarwa. Na farko na wani Bature ne injiniya da aikinsa ya ƙare yana shirin komawa gida. Dogo ne, siriri, fari fat, an ƙera shi don gudu. A ƙarƙashinsa akwai wani dogon ƙarfe mai nauyi da ke hana shi kifewa, saboda haka sai ruwa mai zurfi, sai teku. In iska ta buge shi yakan kwanta gefe har ruwa ya taɓa bakinsa, mutum ya hau ɗaya gefen ya miƙa jikinsa waje. Yana da ɗan ɗaki a ciki inda mutum biyu za su iya kwana in suna haƙuri da juna. Ranar da na gwada shi, da na ɗan taɓa sandar tuƙin sai ya amsa tun kafin in gama tunanin juyawa. Na dawo gida ina murmushi ni kaɗai a kan hanya.

Na biyu yana can Abomey-Calavi, bakin tafkin Nokwe, a hannun wani tsohon malamin jami'a. Gajere ne mai faɗi, da bencina masu majingina. Shi nasa ƙarfen na ƙasa da igiya ake ɗaga shi, don haka yana shiga ruwan da bai wuce ƙugu ba. Yana tafiya, ba a ce ba ya tafiya ba, amma a natse, ba ya kwanciya sai kaɗan. Abokina ya zagaya shi sau ɗaya ya ce wannan ba bato ba ne, wato ba jirgi ba ne, falo ne aka ɗora a kan ruwa. Muka yi dariya muka tafi. A raina na gama zaɓe, kuma na ce wa Baturen ya riƙe min siririn kafin ya tashi.

Kullum da safe nakan biya gidanmu in gaida mahaifiyata kafin in wuce aiki. A lokacin ta haura saba'in, gwiwa ta fara ba ta wahala, da sanda take tashi. Ran nan na durƙusa na gaishe ta, tana shan koko, ba ta ko ɗago kai ba.

"An ce za ka sayi jirgi."

"Ana magana dai, Inna."

"To madalla. In an gama sai a zo a ɗauke ni."

Nan take na gane na manta da abin da bai kamata ɗan gidanmu ya manta ba. Tun zamanin mahaifina, duk abin hawan da aka saya a gidan nan ba ya fara aiki sai Inna ta shiga. Sabuwar kamiyo in ta iso, kafin a ɗora mata ko buhu ɗaya, za a buɗe gaba ta hau ta zauna kusa da direba da carbinta, a zagaya da ita Zongo, ta tofa addu'a a sitiyari, sannan a ce mota ta zama ta gida. Motata ta farko haka aka yi. Kai, har babur ɗin da ƙanena ya saya don zemijan, wato acaɓa, sai da ta hau bayansa a karkace, unguwa ta fito kallo. Abin aro ko na haya ba ruwanta da shi, shi ya sa ba ta taɓa cewa komai a kan fitar da nake yi da abokina ba. Amma abin da ɗanta ya saya da guminsa, wannan nata ne ta fara.

Na fara da lallami. Na ce zan ciro sandar tuƙin in kawo mata har ɗaki ta yi addu'a a kai. Ta ce ba a taɓa kwance mata sitiyari an kawo ba. Na ce to a kai ta bakin tasha ta tsaya a tudu ta tofa daga nan. Ta ce in daga nesa ake yi, ai daga nan kan tabarmarta ma za ta iya, me ya kai ta tasha. Na kwatanta mata teku, na ce ruwan yana tashi sama da katangar gidan nan. Ta tambaye ni ko ni nakan shiga. Na ce ina shiga. Ta ce to.

Abokina ya kawo dabara. Ya ce siririn yana da ɗan ƙaramin inji na shiga da fita, a sauke ƙyallen a zagaya da ita cikin tasha inda ruwa ke kwance, shi ke nan an cika al'ada. Na ji kamar an sauke min kaya. Kuskurena ɗaya, na je na faɗa mata dalla-dalla don in kwantar mata da hankali. Ta saurare ni har na gama.

"Kamiyon babanka tura ta aka yi ko tayar da ita aka yi? Kai ka ce min da iska yake tafiya. To da iskar za a kai ni."

Washegari yayata ta zo har biro, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta zauna ba. Ta ce ita ba ta hana ni haukata ba, kowa da inda yake zubar da kuɗinsa, amma in na kai tsohuwar nan teku wani abu ya same ta, to in nemi wata unguwar, don Zongo ba za ta ɗauke ni ba. Na ce ai ni ma abin da nake gudu ke nan, ta taya ni hana ta. Ta ce ta gwada, Inna ta tambaye ta ko ita ce ta haife ta. Ta fita ta bar ni da ƙofa a buɗe.

Na koma na sake gwada siririn, amma a wannan karon da idon Inna na dube shi. Abubuwan da ban taɓa lura da su ba duk suka fito. Daga gefen tasha sai an sauka ta tsanin ƙarfe mai santsi kafin a taka jirgin, kuma jirgin ba ya tsayawa wuri ɗaya ya jira ƙafa. Wurin zama ba majingina. A bakin fita, inda katangar duwatsu ta ƙare, ko a ranar da teku ke barci sai ta ɗaga ka ta sauke. Ga kuma sandar da ke kwance a ƙasan ƙyallen, wadda in an juya take tsallakowa daga wannan gefe zuwa wancan daidai kan mutum. Da ya kwanta gefe ruwa ya taɓa baki, abin da ya sa ni ihun murna a makon da ya wuce, sai na ga tsohuwa mai ciwon gwiwa tana zamewa tana neman abin kamawa. Na ce wa abokina mu koma, ban ji daɗin jikina ba.

Kwanakin nan na rame. Abinci ba ya wucewa, a wurin aiki a yi min magana sai an maimaita. Baturen yana aiko min cewa akwai wani mai so, in faɗi matsayina. Na yi tunanin in saya in ɓoye, amma a Zongo ko sabon takalmi ba ya ɓoyuwa. Na yi tunanin in saya in ce mata a'a kai tsaye, sai na ga ban san yadda ake haɗa wannan kalmar da fuskarta ba. Har wani tunani ya zo min da nake jin kunyarsa, cewa in haƙura in jira, tunda tsohuwa ce. Na yi istigfari na tashi daga wurin. Gaskiyar magana ina son jirgin nan so mai tsanani, kuma ina tsoro, kuma na san halin mahaifiyata: duk wanda na saya za ta shiga.

Abokina ya ce in yi tunani da kyau, don irin siririn ba ya zuwa Kwatano sau biyu. Ya ce yini ɗaya tak Mama za ta shiga, ni kuwa shekaru zan yi da abin da na zaɓa. Gaskiya ya faɗa. Na ce masa ai yinin ɗaya ne ya hana ni barci. Daga nan na je na sami Baturen na ce ya sayar wa wancan mai son. Na fito ban waiwayi jirgin ba, na tuƙa mota zuwa Calavi na sayi falo.

Muka sa rana, da sassafe, don a tafki iska ba ta ƙarfi sai rana ta ɗaga. Inna ta yi shiri kamar za ta biki, leshi da gwaggwaro dogo, ga mayafi, ga carbi. Yayata ta biyo mu amma ta ce ita a tudu za ta tsaya, wani ya rage da zai ba da labari. Rigimar farko a kan rigar ruwa aka yi ta, wadda abokina ke kira jile. Inna ta ce ba za ta ɗora wannan abu mai ruwan lemo a kan leshinta ba. Na ce in ba ta sa ba ni ma ba na tuƙi, kuma a karon farko a rayuwata na ga ta ja da baya. Yayata ta ɗaure mata, ta rufa mayafi a kai.

Muka jawo jirgin har ya manne da gaɓa, ni da abokina muka tallafe ta ta taka. Na nuna mata ɗan ɗakin da shi ma yake da shi a ciki, na ce nan ya fi inuwa. Ta tambayi inda direba ke zama. Na nuna. Ta zauna kusa da wurin ta jingine sandarta.

Da farko lafiya lau. Iska kaɗan, ruwa kwance, masunta suna wucewa a kwalekwale da nasu ƙyallen na buhunan da aka ɗinke, suna kallon hajiyar da ke zaune a bato. Idona ɗaya a kan ƙyalle, ɗaya a kanta, duk motsin da ta yi sai na waiwaya. Ita kuwa tambaya take yi, wannan igiyar ta mece ce, ina birki, in iska ta ɗauke yaya ake komawa gida. Da na ce ba birki sai ta dube ni ta ci gaba da jan carbi da ɗan sauri.

Mun yi nisa kaɗan sai iska ta tashi kafin lokacinta. Ba wata babbar iska ba ce, a teku ko lura ba zan yi ba. Amma ta tura mu wajen akaja, wato rassan itatuwan da masunta ke kafawa a ruwa don tara kifi, sai na ji ƙarfen ƙasa ya fara jan laka. Abokina ya yi tsalle ya kama igiya yana ɗaga shi. Ni kuma na juya da sauri don kada mu afka cikin rassan, na manta iskar ta koma bayanmu. Sandar ƙyallen ta taso gaba ɗaya.

"Inna, sunkuya!"

Ta sunkuya, amma irin sunkuyon tsofaffi, a hankali. Sandar ta wuce da ƙara, na ga abu ya yi sama ya faɗa ruwa. Ban san lokacin da na saki tuƙin na rungume ta ba. Ina taɓa kanta ina neman jini. Ba jini. Gwaggwaron ne sandar ta ɗauke, yana can yana yawo a kan ruwa. Da sandar ta yi ƙasa da faɗin tafin hannu, da wani labarin nake ba ku yau.

Ta ture hannuna ta ja mayafi ta rufe kanta. Ta ce in koma in kama sitiyarina, ba a sakin mota tana tafiya. Abokina ya ce bari mu juya mu ɗauko ɗankwalin, ta ce a bar wa kifaye. Jirgin kuwa duk wannan abin da aka yi ko karkata kirki bai yi ba, ya ɗan girgiza ya daidaita. Na koma na kama tuƙin, abin da ke zuwa min kawai shi ne da a siririn ne, a bakin katangar duwatsu.

A hanyar komawa ta miƙo hannu ta ɗora a kan sandar tuƙin, kusa da nawa. Ta yi addu'arta ta tofa. Sai a lokacin na ga ɗaya hannun nata ya damƙe bakin benci, ashe tun da muka taso a tsorace take. Mun kusa gaɓa, muna hango yayata tana safa da marwa, sai ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Yayarka ta ce akwai wani da ka fi so. Wanda ke kwanciya."

"An sayar da shi, Inna."

"Da shi ka saya ma da na shiga."

"Na sani. Shi ya sa."

Ta gyara mayafinta. Sannan ta ce mu duk mun ɗauka albarka kawai take sa wa, alhali albarka ta Allah ce, ko daga ɗaki a roƙa. Ta ce lokacin da mahaifina ya fara tafiya arewa da kamiyo, in ya tafi ba ta iya cin abinci, don ba ta san a cikin me yake ba, sai zuciyarta ta yi ta ƙera mata abubuwa. Shi ya sa ta ce a ɗauke ta. Da ta ji yadda motar ke girgiza, da inda take nishi a hawa, sai tsoron ya sami iyaka, ta san abin da za ta roƙa masa tsari da shi. "Yanzu kai ma na san naka," in ji ta. "Sandar nan ce. Ita zan riƙa ambata."

Na yi shekaru ina yawo da falon nan a tafki. Na san kowane lungu daga Calavi har bayan Ladji, na sha kwana a cikinsa, na sha ɗaukar 'yan majalisar da ke kirana Kaftin, waɗansunsu ma a kwance suka yi tafiyar. Siririn kuwa na ci gaba da ganinsa ta tagar biro, yana fita da sabon mai shi, yana kwanciya gefe. Ba zan yi muku ƙarya ba, duk ranar da na gan shi sai na bi shi da kallo har ya ɓace. Ban daina sonsa ba, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba, abubuwan biyu suna zaune tare a raina har yau. Duk Asabar ɗin da zan fita, in na je sallama, Inna ba ta cewa in yi hankali da ruwa, sai dai ta ce in sunkuya da wuri.

Abin da na koya ba shi da yawa. Masu sayen jirgi sukan tambayi gudunsa da nauyinsa da zurfin ruwan da yake so, kuma duk tambayoyi ne masu kyau. Ni dai in wani ya zo neman shawara, nakan fara da tambayarsa wa zai ɗauka a ciki, sannan wa zai bari a gida yana jira.

Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa shekaru da dama da suka wuce. Bayan an share makoki da 'yan watanni, abokina ya zo da hoton wani jirgi da aka kawo tasha, siriri, ya ma fi na Baturen kyau. Ya ajiye min a tebur ya koma ya zauna, na kuwa gane nufinsa: yanzu ba abin da zai hana ni. Na je na gan shi. Na sauka ta tsanin, na zauna, na kama sandar tuƙin, komai ya yi min daidai. Sai na dubi wurin da ke kusa da direba, na tuna cewa in na saya ba wanda zai ce a zo a ɗauke shi. Na hau tsanin na fito. Har yau falon nake tuƙawa.